Ku Jira Ni, Mu Karɓa Tare

Wata bakwai ke nan ambulan ɗin yana kwance a durowar kicin ɗin Kaneng a garin Greenbelt na jihar Maryland, kuma duk sanda ta buɗe neman cokali sai ranta ya ɓaci. A cikinsa akwai takardun shaidar rajistar zaɓe guda goma sha huɗu: ta mijinta Dachung, ta mahaifiyarsa, da na ƙannensa da matansu. Da ya je hutu gida Filato, shi ya kwashe su a mota aka yi musu rajista, sannan ya tattara takardun ya taho da su Amurka, wai kada su ɓatar.

Zaɓen kuwa ba na wasa ba ne a gidan. Ƙanwarsa Martha ce ta ajiye aikinta na ungozoma ta fito takarar kansila.

In dai surutun siyasa ne, Dachung ba dama. Ko a cunkoson motoci na babbar hanyar Beltway saƙon murya yake ta turawa guruf ɗin 'yan garinsu, yana caccakar malalatan da ba sa fita zaɓe.

"Baban Abby," in ji Kaneng wata safiya, "Martha ta ce an fara raba katin zaɓe. Ka tura musu hoton takardun nan su je su karɓa mana."

"A kan babur za a kai Mama ƙaramar hukuma? Na ce su jira ni. Mota guda za mu yi, in ɗauki bidiyo, mutane su ga yadda ake kishin ƙasa."

"In aka rufe kafin ka isa fa?"

Ya yi dariya. "Ke dai! Nan Maryland ranar zaɓe na yi rajista, na jefa ƙuri'ata, na wuce aiki. Balle karɓar kati?"

"Can ba Maryland ba ce."

Ya ɗauki makullin mota ya fita abinsa. Ta sake faɗa, ta kuma faɗa, har ta gaji da bakinta. Martha ma ta kira ta roƙe shi, ya ce ta kwantar da hankalinta. A gidan kuwa babu mai tsallake maganar yaya na Amurka, sai kowa ya naɗe hannu yana jira.

Ana saura kwana huɗu zaɓe ya hau jirgi da ambulan ɗinsa. Ranar Alhamis, Kaneng tana hutun cin abinci a asibitin da take aiki, sai ga kiransa. Muryar da ta saba cika falo ta koma can ƙasa.

"Maman Abby, mun je. Wai an rufe ba da kati tun mako biyu da suka wuce."

"An sa sanarwar a guruf, Baban Abby. Har sau uku."

Ashe turawa kawai ya iya, ba ya karanta na kowa. Takaici ya hana ta ƙarasa abincin.

Ranar Lahadi, tana fitowa daga coci a Bowie, Martha ta kira. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi kukan ciwo.

"Anti, ƙuri'a tara aka fi ni. Tara! Maƙwabta duk sun fito domina. Mu 'yan gidanmu muna tsaye a gefen layi muna kallo. Ni kaina ban zaɓi kaina ba."

Kaneng ta jingina da mota.

Ya ku 'yan uwa mazauna ƙetare, ƙa'idar zaɓen inda kuke zaune daban, ta gida daban. Ku binciki ranakun rajista da na karɓar kati tun da wuri, kuma kada ku sa kowa ya jira ku. Kuskurenku daga nesa yana iya cinye ƙuri'ar gida guda.