Sunan da Ta Sa wa Waifai

Allura na hannuna lokacin da 'yata ta ce ta waya, "Baba, don Allah kar ka soka ɗan ramin nan na bayan akwatin waifai. Zai goge duk abin da Mama ta saita."

"Ke, ni bakanike ne," na ce. "Injin da ya ƙi tashi ba lallashinsa ake yi ba."

Tun safe laftof ɗin ya ƙi kama intanet, ni kuwa jikana nake son gani a bidiyo. Na kashe na kunna, na zare wayar akwatin na hura na mayar, har mari na ɗauke akwatin da shi. Ta ce in jira ta zo. Ban jira ba, na soka.

Fitilun suka mutu, suka dawo. Na kwafi lambobin da ke ƙarƙashin akwatin, sai ga intanet garau.

"Kin gani ko?"

Ta ce, "Baba, duba sunan waifai ɗin."

Na duba. Haruffa da lambobi ne kawai. A wurin nan, tun kafin uwarta ta rasu, kullum na buɗe laftof sai na ga sunan da ta sa don tsokanata: Maigida Tashi Ka Ci Abinci.

"Ana iya sake rubutawa," in ji 'yata a hankali.

Na ce ta bari. Ko an rubuta, ba matata ce ta kira ni ba.

Ranar abincina a rufe ya huce. Ba wanda ya ce in tashi.