Ɓatan Inna a Bakin Harami

Sakinatu na gudu ba takalmi, tana leƙa fuskar kowace tsohuwa. Innarta, wadda ta zo ziyara daga Damagaram, ko kalmar Larabci ba ta ji, ta ɓace a cunkoson bayan la'asar.

"Ya askari, ummi! Tsohuwa mai shuɗin zane!"

"Yalla, hajja!" Ɗan sandan ya kore ta.

Ta zaga masallacin, ta kutsa lungunan unguwar Agawat, ta sake zagowa. Ƙafafunta suka gaza, ta zube bakin ƙofar mata tana kuka.

"Ya Allah, dabarata ta ƙare. Na bar maka ita."

Sai ta ji ranƙwashi a ka.

"Ja'ira!" Inna ce, tana haki, murya a dishe. "Tun ɗazu nake bin ki ina kira. Da ba ki zauna ba, yaushe zan kamo ki?"