Atamfar da Baba Ya Shinshina

Ana gab da sallah, Inna ta dawo daga kasuwar Makoɗa da atamfar da za a ɗinka min, shuɗiya mai zanen ganye. Baba na gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Bai daɗe da dawowa noma ba, bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kano.

Ya goge hannu, ya karɓi atamfar, ya shinshina.

"Wannan zanen mu muka fara buga shi," ya ce. "Amma wannan daga ƙasar waje aka kawo ta. Tamu ƙanshin rini take yi, wannan kuwa warin leda."

Inna ta sunkuyar da kai. "Malam, ita ce mai araha. Ko in mayar?"

Ya daɗe yana shafa ganyen da yatsa. "Ki mayar ki samo tamu a ina? Ki kai wa tela, yarinya ta yi sallah."

Ni dai tsallen murna na yi ta yi. Har yau ba na sayen atamfa sai na shinshina. Masu shago dariya suke yi min. Ba su san ƙanshin rigar aikin Baba nake nema ba.