Inda Jirgin Ya Sani

Da hantsi Sahabi ya ajiye ɗan jirgin mara matuƙi a wata gona bayan Illela, ya goge idon kyamararsa da bakin riga.

Kwana goma sha tara ke nan da aka tare yayansa Muhyiddeen a hanyar Tozai. Ba a kira kowa neman kuɗin fansa ba, ba a ga gawa ba. Mahaifiyarsu kullum sai ta zuba tuwon mutum biyu, ta zauna tana kallon kwano ɗaya yana hucewa.

Wani makiyayi ne ya tsinci jirgin a kan ƙaya, dab da inda abin ya faru. Kowa ya san da irinsa ake leƙen hanya kafin a tare ta. Sahabi gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, shi ya sa makiyayin ya kawo masa shi. Sati biyu yana fama da jirgin, har ya samu farfelolinsa suka juya. Yana so ya ga dajin daga sama, ko bukka, ko hayaƙi, ko sawun babura.

Kawu Maccido, ƙanen mahaifinsu, shi kaɗai ya biyo shi. Tun ranar da aka kawo jirgin yake cewa a ƙona shi. Yau kuma ya sauya magana.

"Tura shi arewa, ɗana. Tura shi da nisa."

"Kawu, in ya yi nisa sabis yankewa yake yi."

"Mi zai yanke shi? Duniyar ga shimfiɗe take kamar tabarma. Babu tudu, babu dutsi. Bar shi ya tai har bakinta."

Jirgin ya tashi. A fuskar wayar da ya haɗa da jirgin, gonakin gero suka koma ƙanana, shanu kamar an watsa farin wake. Sahabi ya yi ta kallon inda ƙasa ta haɗu da sama. In da tabarma ce, ya ce a ransa, da daga nan zai hango ɗan'uwansa, ko ina aka ajiye shi. Amma ƙasar sai janyewa take yi tana ɓoye gabanta.

Batir ya sauka rabi. Hoton ya fara rawa.

"Ƙara," in ji Kawu. Gumi ya jiƙa masa hula.

Hoton ya ɗauke. Kawu ya sauke numfashi, ya dafa kafaɗar Sahabi. "Sai haƙuri. Ya tafi ke nan. Mu koma."

Sai wani rubutun Turanci ya fito. Sahabi ya haɗa shi baƙi-baƙi: jirgin ya rasa mai tuƙa shi, zai koma gida da kansa. Shi kuwa bai taɓa nuna masa wani gida ba. Na mai shi na farko ne a cikin kansa.

Can suka ji ƙugin jirgin. Ya wuce ta saman kansu bai tsaya ba, ya nufi gari. Hoton ya dawo: tasha, kasuwar shanu, rufin kwano, sannan wani tsakar gida mai doguwar katanga. Jirgin ya sauka a hankali kusa da turmi.

Wata mata ta fito daga ɗaki. Ba ta firgita ba. Ta waiga ƙofa, ta ɗauke shi kamar kazar gida, ta kare shi da mayafi. Kafin duhu ya rufe hoton, fuskarta ta cika wayar.

Inna Lubabatu ce, matar Kawu Maccido.