Ƙwayar Yashin da Na Haɗiye

Wata la'asar ina zaune a bakin kogin Wudil, Baba yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. A lokacin ba mu da wasa sai cika ko mara: a dunƙule gyaɗa a hannu, ki canka ko za ta rabu biyu daidai, ko ɗaya za ta yi saura.

Na ce, "Baba, yashin nan duka, cika ne ko mara?"

Ya ce, "Ke, rufe baki. Allah kaɗai ya san adadinsa."

Na ce, "To ai yana da adadi ke nan. Dole ɗaya ne cikin biyun." Na lashi yatsa, na dangwalo ƙwaya guda. "In cika ne, ga shi na mai da shi mara."

Ya ajiye komar. "Mayar da ita ki yi istigfari, ko ba ki ƙara biyo ni kogi."

Na jefa ta baki na haɗiye.

Bai ƙara zuwa da ni ba, Allah ya jiƙansa. Ni ba mai musu ba ce, 'ya'yana shaida ne. Amma lissafin nan daidai yake, kuma ko yau aka ce in mayar, haɗiyewa zan yi.