Ƙunshin Itacen Ango

Namadi mai balangu ne a kasuwar Bagudo, kuma babu abin da ke damunsa a duniya sai hayaƙin Ango. Tukubarsu na kallon juna, sana'arsu ɗaya, wurin maigida ɗaya suka koya. Amma idan Ango ya hura wuta, har fataken Dendi masu haurowa daga Dahome sukan sauke kaya su bi ƙamshi. Idan Namadi ya hura tasa, masu tabarma na kusa da shi sukan matsa gaba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ango ba ya gashi sai da busasshiyar ƙirya ko marke, kuma yana jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi ja, kafin ya ɗora nama. Yajinsa ƙuliƙuli ne sabon tuya, da citta, da kimba kaɗan, da masoro. Namadi kuwa duk abin da ya yarda ya kama wuta itace ne a wurinsa, har tsohon katakon kwalekwale. Idan nama ya yi ɗaci, sai ya ƙara barkono don ya rufe bakin mai ƙorafi.

Ango ya taɓa tsallakowa ya ce masa, "Ɗan'uwa, wanga icce naka ɗanye na. Taho in ba ka ƙirya ka gwada."

"Na gode," in ji Namadi. "Ka riƙe abinka. Wanda kaka ɓoyewa shi nika so."

Ya riga ya yanke hukunci cewa akwai asiri. Hakan ya fi masa sauƙi, domin asiri ba ya nufin wani ya fi shi iya aiki.

Ya sa ido, kuma mai sa ido ba ya rasa abin gani. Wata tsohuwa, Goggo Dela, ita ke kawo wa Ango itace a jaki daga wajen Dole Kaina. Wani lokaci, ban da babban dami, takan miƙa masa ɗan ƙunshi naɗe cikin tsohuwar fata. Ango ba ya haɗa shi da sauran. Yakan rataye shi nesa da tukuba, ya wanke hannu, ya wuce da shi gida. Namadi ya ga haka, ransa ya yi sanyi kamar an yi masa bushara.

Ana cikin haka bikin samun mulkin kai ya matso. Dahome ta riga ta yi nata, mutanen Bagudo kuma ba su shirya a ce maƙwabta sun fi su cin nama ba. Sarkin Fawa ya raba aiki: Ango zai gasa na manya, Namadi na 'yan makaranta. Namadi ya ɗauki wannan rabo a matsayin zagi, ya kuma ƙudurta cewa a ranar nan manya za su bar rumfarsu su zo roƙon naman yara.

Ya tare Goggo Dela a hanya tun kafin ta shigo gari.

"Goggo, sannu da hanya. Ƙunshin can na cikin fata, yau ni za ki ba."

"Wanga? Ɗana, tinya ta, icce mai dafi. Ba ta nama ba ce. Ango turara rumbu shika yi da ita, don ɓera da gara."

"Haka ya ce ki riƙa faɗi?"

"Haka Allah ya yi ta. Ko kifi ya sha ruwanta sai ya juya ciki sama."

Namadi ya yi murmushin wanda ba a yaudara. Gargaɗin tsohuwar ya ƙara tabbatar masa cewa ya kai ga gindin magana. Ya ce shi ma ɓeraye sun dame shi, ta ba shi.

Ranar biki yara suka yi maci da 'yan tutocinsu kore da fari, suka jeru a inuwa. Namadi ya zuba ƙunshin duka a wuta, ya ɗora nama, ya sunkuya yana fifita. Hayaƙin ya shiga idonsa kamar an watsa masa yaji. Ya daure, yana ganin dole asiri ya yi zafi.

Kafin la'asar filin ya zama wurin jinya. Yara na amai, suna riƙe da ciki, iyaye na ɗaukarsu a kafaɗa zuwa ɗakin magani. Allah ya taƙaita, babu wanda ya rasu, amma Asama'u, wata ƙaramar yarinya da ta ci rabonta da na yayarta, ta daɗe a kwance har aka fara fid da rai. Namadi kansa idanunsa suka kumbura suka rufe. Na dama ya buɗe daga baya. Na hagu bai sake ganin komai ba.

Sarkin Fawa ya tara mahauta, ya karɓe wuƙar Namadi a gabansu, ya sa aka rushe tukubarsa.

Ango ya je duba shi, ya zauna a bakin tabarma.

"Mi ya hana ka tambaye ni?"

Namadi ya juyo da idon da ya rage masa. "Ai na gane," ya ce. "Da gangan ka rataye shi inda zan gani."

Mai karatu, ba kowane itace ake ɗora wa abinci ba, kuma wanda bai sani ba ya tambayi wanda ya sani. Hassada takan hana mutum karɓar ilimin da aka miƙo masa kyauta, ta tura shi satar abin da zai halaka shi, kuma ba shi kaɗai ke shan wahalar ba.