Takalmin Ɗalibi da Rijiyar da Aka Ce Ta Mutu

Tunda kana ta kuka da malamin da ke dawo maka da rubutunka, gyara zama ka ji wannan. An yi wani ɗalibi mai neman digiri na biyu, a fannin da ake nazarin yadda mutane ke juya na'ura, ita ma na'urar take juya su. Malamar da ke duba aikinsa tana da wata ɗabi'a: kafin ta buɗe babin da ka kawo, sai ta leƙa ƙarƙashin tebur ta dubi takalminka. In yana ƙyalli kamar na ango, sai ta turo maka takardunka, ko shafi ɗaya ba ta ɗaga ba. Shi kuwa gogan naka, bincikensa a kan wata rijiyar burtsatse ne mai aiki da hasken rana, a wani ƙauye can bayan dutse. Rahotanni sun ce kawunan famfo sun karye, mutane sun watsar, aiki ya mutu. Ya zauna ƙarƙashin fanka ya harhaɗa rubutu daga rahotannin, ya yi wa rijiya ta'aziyya da manya-manyan kalmomi. Malama ta yi ta dawo masa da shi, ga wa'adin karatu ya zo wuya: in bai miƙa a wannan zangon ba, sai dai ya koma gida ya ce wa mahaifiyarsa shekarun nan duk shan iska ya je. Sai dabara ta faɗo masa. Ya zagaya bayan ɗakin kwanan ɗalibai, ya tsoma ƙafa biyu cikin taɓo, ya shigo ofis har da ɗan ɗingishin wanda ya sha tafiya. Malama ta leƙa, ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Sai dai wannan jar ƙasar makarantarmu ce, ta can baƙa ce." Ya fito kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dole ta sa ya hau mota, ya sauka ya hau babur, ya ƙarasa da ƙafa. Yana hawowa kan tudu sai ya tsaya cak. Ikon Allah! Inda ya zata zai tarar da tsatsa da kashin awaki, sai ga kore shar har inda ido ya gaji. Kawunan famfo dai sun karye, wannan gaskiya ne, amma ba wanda ya je ya gaya wa rana. Kullum ta take sai injin ya ja ruwa, tanki ya cika ya yi ta ambaliya. Mutanen gari suka bi ruwan da fartanya, suka yi masa hanyoyi, ga albasa, ga tattasai, ga zogale ya fi mutum tsayi. Mata na tarar ruwan sha daga bakin ambaliyar. Makiyaya sun karkato da hanyarsu ta nan, har 'yar kasuwa ta tsiro a gindin tanki. Samarin da ke tafiya ci-rani sun zauna. Ladan ma ya daina duba inuwa: da ya ji ruwa ya fara zubowa, ya san azahar ta yi. Ɗalibi ya zauna a bakin kwari, bakinsa buɗe, ya rasa gane wa ya gyara wani, mutane ne suka rayar da inji ko inji ne ya sake garin. Ya daɗe a can yana tambaya yana kallo, ya dawo ya rubuta abin da idonsa ya gani da kalmomin da ko kai za ka gane. A wannan karon malama ba ta leƙa ƙarƙashin tebur ba. Ta karanta shafin farko, ta juya, ta sake juyawa, shayinta ya huce ba ta sani ba. Shi kuwa yana ta turo ƙafa gaba don a ga baƙar laka. Ta ɗauki biro ta sa hannu, ta ce, "Mayar da ƙafarka, lakar tana cikin rubutun."

To, kafin ka sake zagin malaminka, sunkuya ka dubi takalminka. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.